Ranar da na ɗura wa tsohuwar motata gas har ta ƙoshi ta daina sanyi

Motar tawa ƙirar 1992 ce, ta girmi autanmu, kuma duk wanda ya shige ta sai ya ce in sayar in huta, ni kuma ina nan a kan bakana, inji lafiya lau, giya lafiya lau, AC ɗin ne kawai ya fara yi mini wulaƙanci. Da farko sanyin ne ya dinga raguwa kaɗan kaɗan yadda ba za ka ma lura ba, daga baya ya koma in kana gudu a kan titi sai ya ɗan yi sanyi, da ka tsaya a goslo shi ke nan ya dawo yana hura maka iska mai ɗumi kamar wani na yi maka numfashi a fuska. Ranar da abin ya kai ni bango ita ce ranar da uwargida ta miƙa hannu ta sauke gilashi ba ta ce mini uffan ba, ta dai kalle ni, irin kallon nan da gara a zage ka.

To a daren na kwana ina kallon bidiyo a waya, kuma wallahi a bidiyo abin ba shi da wata wahala ko kaɗan, mutum zai buɗe bonet, ya maƙala tiyo, ya danna, minti biyar sai ka ga yana murmushi yana nuna maka ma'aunin zafi a bakin ramin iska. Washegari na sayo gwangwani biyu na gas ɗin AC mai suna R-134a, kowanne giram 340, da ɗan tiyon nan mai geji ɗaya a jiki wanda aka yi wa fenti kala-kala, kore wai daidai, ja wai haɗari. Na ji a raina ai na gama da masu gyaran AC har abada.

Na tada mota na kunna AC na ƙure fanka, na nemo bakin da ake ɗurawa, shi ne wanda yake jikin bututu mai kauri, na maƙala, na buɗe. Gwangwanin ya yi sanyi ƙalau a hannuna har raɓa ta kwanta a jikinsa, na zagaya na sa hannu a ramin iska, kai, sanyi ya ɗan dawo! To da na tsaya a nan da wata maganar ake ba wannan ba. Amma sai zuciya ta ce mini, in gwangwani ɗaya ya yi haka ina ga biyu? Na ɗaura na biyu na juye shi tas. Ba a yi minti goma ba na fara jin kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin, tana ƙas, ta kama, ƙas, ta saki, ƙas, ta kama, duk sanda ta kama sai injin ya durƙusa kamar an ɗora masa kaya, fambel ya yi wani ƙiii, iskar da ke fitowa kuwa ta fi ta jiya ɗumi. Na tsaya riƙe da gwangwanayen da ba komai a ciki ina kallon motar tana kallona.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana gyaran firij da iyakwandishan kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma tun farko shi ya kamata in kira, girman kai ne ya hana ni. Da yamma ya zo da tsohuwar jakarsa, na zayyana masa duk abin da na yi, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka gas ƙarewa yake yi?"

Na ce, "To Kawu ai komai na mota ƙarewa yake, fetur ma ƙarewa yake."

Ya ce, "Fetur ƙona shi ake. Wannan waye yake ƙona shi? Zagayawa kawai yake, yau shekara nawa firij ɗin gidanku yana aiki, ka taɓa ɗura masa wani abu? In ka ga ya ragu to wani wuri ya bi ya fita, kai kuma maimakon ka nemo ramin ka je ka ƙaro ruwa a tulun da yake yoyo, kuma ka cika shi har ya fi ƙarfinsa."

Wannan maganar ita ce dukkan abin da na koya a taƙaice, sauran duk bayani ne. Ni da a tunanina gas ɗin wani abu ne mai sanyi da ake zubawa, yana fita ta ramin iska a hankali har ya ƙare. Ashe ko ɗigonsa ba ya shiga iskar cikin mota, kuma AC ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya kai waje. Kwamfuresa ta matse gas ɗin ya yi zafi sosai, ta tura shi kwandansa, wato wannan abin mai kama da lagireto da yake gabansa, iska ta buge shi a can ya sauke zafin ya koma ruwa, ya bi ta diraya ta tsotse damshi da datti, sannan ya matsu ta wani ɗan ƙanƙanin rami ko bawul ya faɗa cikin ibafareta da ke ɓoye a bayan dashbod. A can firesha ta faɗi sai ya tafasa, don shi R-134a a fili tun daga digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, kuma tafasar tasa da zafin iskar cikin motarka yake yin ta, shi ya sa iskar take fitowa da sanyi. Daga nan ya koma kwamfuresa a matsayin tururi a sake zagayen. To in ka cika shi fiye da ƙima, ruwan gas ɗin sai ya mamaye kwandansa, babu filin da tururi zai sauke zafi, firesha ta ɓangaren sama, wato inda kwamfuresa ke tura matsattsen gas, ta yi ta hawa har suwic ɗin kariya ya yanke kwamfuresa, wannan ƙas-ƙas ɗin da nake ji ke nan. In aka yi rashin sa'a ruwan ya dawo ya shiga kwamfuresa kuwa, ita tururi aka yi ta ta matse, ruwa ba ya matsuwa, sai dai wani abu ya karye.

Kawu ya ce in haska masa ƙarƙashin bonet. Akwai wata sitika da ta yi baƙi da maiƙo, tun da na sayi motar ban taɓa karanta ta ba, ya goge ta da babban yatsa, sai ga rubutu: R-12, giram 900. Ya juyo ya kalle ni ya ce, "Ka ga wata kuma."

Nan fa na san na taka sawun ɓarawo ban sani ba. Motocin da aka ƙera kafin wajajen 1993 zuwa 1995 kusan duk da R-12 suka fito, wanda aka fi sani da Freon, shi ne gas ɗin da masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna a 1974 cewa irinsa yana cinye lemar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, aka zo aka yi yarjejeniyar Montiriyal a 1987, ƙasashe masu arziki suka daina ƙera shi daga farkon 1996, sauran aka ba su zuwa 2010. Kamfanonin mota suka koma R-134a. Su biyun ba a haɗa su, kuma ba mai ɗaya suke tafiya da shi ba, don akwai mai a cikin layin AC da yake zagayawa tare da gas ɗin yana jiƙa kwamfuresa, R-12 da man ma'adinai yake aiki, shi kuwa R-134a ba ya iya ɗaukar wannan man ya zagaya da shi, sai man PAG ko man esta. An ma bambanta bakin ɗurawar da gangan don kada a yi kuskure, na R-12 mai zare ne kamar bawul ɗin taya, na R-134a kuwa dannawa ake ya kama, na ɓangaren ƙasa, wato mai ƙaramar firesha, ƙarami, na ɓangaren sama babba. To ni tiyona ya shiga ba gardama, abin da ya nuna wanda ya riƙe motar kafin ni ya riga ya juya ta zuwa R-134a, ga ma adaftar nan an ɗaura a kan tsohon bakin, amma bawan Allah bai manna ko 'yar takarda ba ya rubuta abin da ya zuba da irin man da ya sa. Wannan ɗabi'ar tana ba ni haushi wallahi, minti ɗaya ne fa da maka.

Kuma motar da aka juya ba a ba ta cikakken abin da sitika ta ce, kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari ake sawa, wato tawa tsakanin giram 720 da 765 take so. Ni kuma na zuba 680 a kan abin da ya rage a ciki, wanda tunda kwamfuresa tana kamawa tana ɗan yin sanyi ai ba kaɗan ba ne. Yi lissafin da kanka.

Na ce, "Amma Kawu gejin bai kai ja ba sai can ƙarshe." Ya yi dariya har da tari. Ya zaro nasa daga jaka, mai agogo biyu, shuɗi na ɓangaren ƙasa da ja na ɓangaren sama, da tiyo uku, ya ce nawa ido ɗaya gare shi, ɓangaren ƙasa kawai yake gani, duk ɓarnar kuwa a ɓangaren sama take faruwa. Ya ƙara da cewa fentin kore da ja ɗin nan bai san ko yau ana zafi ko ana sanyi ba, alhali firesha da zafin gari take tafiya, abin da yake daidai a rana mai digiri 25 ba shi ne daidai a rana mai 38 ba. Ya maƙala nasa mota a kashe, agogon biyu suka tsaya wuri ɗaya wajen 105 a ma'aunin firesha na psi, ya ce in duba, wannan lambar ba ta gaya maka komai game da yawan gas, muddin akwai ko ɗan ruwan gas a ciki to R-134a a digiri 32 kusan 104 zai nuna maka, rabi ne a ciki ko ya cika ya batse, duk ɗaya. Abin da take gaya maka kawai shi ne layin bai zama wayam ba. Wasu motocin ma na baya-baya kwamfuresarsu tana rage ƙarfinta da kanta ta riƙe ɓangaren ƙasa a lamba ɗaya, ka yi ta zubawa allura ba ta motsi kana cewa bai cika ba. Da muka tada mota allurar ja ta haura 350 kafin ta yanke, ya ce kashe, kashe.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne abin da ya biyo baya. Ya ce in sake kunnawa na daƙiƙa kaɗan in leƙa gaban lagireto in gaya masa ko fankar kwandansa tana juyawa. Ba ta juyawa. Ko motsi. Ashe shi ya sa sanyi yake zuwa in ina gudu ya ɗauke in na tsaya, a guje iskar hanya ce take yi wa kwandansa aikin fanka. Ya ciro rile ɗinta, wato ɗan suwic ɗin da ke kunna ta, daga akwatin fis ya musanya da wani irinsa na hon, nan take ta ɗauka fuuu. Ɗan abu kamar akwatin ashana. Ita kanta kwandansar da na haska ta, ƙura da ƙwari da ganye sun toshe kusan rabinta, muka wanke ta da ruwan tiyo a hankali, ya hana ni matsa mata ruwa da ƙarfi don 'yan siraran fukafukan nan nata lanƙwashewa suke yi. Wato rabin matsalata ma ba ta gas ba ce kwata-kwata.

Sai neman yoyo, kuma ya ce a yi shi yanzu tun da firesha a ciki. Dabararsa ta farko ba ta bukatar komai sai ido: duk inda gas ya fita da ɗan mai yake fita, man kuma ya kama ƙura, don haka ka bi layin tun daga kwamfuresa kana neman inda ya yi baƙin danƙo alhali kewayensa a bushe. Muka samu ɗaya a mahaɗar bututu da kwandansa ta ƙasa. Ya kaɗa sabulu a ruwa ya shafa da tsohon buroshi, muka tsuguna muka yi shiru, can sai ga kumfa tana tasowa, ƙarama, ta kumbura ta fashe, wata ta biyo, kamar kwaɗo yana numfashi. Na biyun kuwa a bakin ɗurawar ne da kansa, ɗan bawul ɗin ciki ya gaji, ya ɗiga ruwan sabulu a ramin sai ga shi yana tsiyaya, kuma murfin robar da ya kamata ya rufe wurin tun yaushe ya ɓata ban damu ba, ashe murfin nan ba ado ba ne, akwai zoben roba a cikinsa, shi ne mai gadi na biyu. Ya ce da ba mu gani da sabulu ba sai a zuba kalar nan da take haske a ƙarƙashin fitilar UV a yi kwana biyu ana hawa a dawo a duba, in kuma a ibafareta ne to sai dai haƙuri, don sai an sauke dashbod.

Na ɗauko sifana zan kwance mahaɗar ya riƙe mini hannu. "Ina za ka kai gas ɗin da ke ciki?" Na ce ai sai ya fita. Ya ce in ya fita ta fuskata fa? Abin da yake tafasa a 26 ƙasa da sifili in ya taɓa fata ƙona ta yake kamar wuta, in ido ne kuwa ba a magana, ga man da zai feso tare da shi. Ban da haka sakin sa a iska laifi ne a dokar Amurka da ƙasashen Turai, kuma ko babu doka, R-134a ba ya taɓa ozon amma kilo ɗaya nasa wajen ɗumama duniya daidai yake da kilo 1,430 na hayaƙin kabon, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci daga 2017 aka koma R-1234yf ke nan. Don haka da safe na kai motar wurin masu injin zuƙe gas suka kwashe shi, wannan ɓangaren dai ba na gida ba ne, kuma ban ji kunyar kai ta ba. Mai injin ya kalli sikelinsa ya kalle ni ya ce, "Oga wa ya ɗura maka wannan?" Na ce wani ne.

Na sayo zoben roba masu launin kore, su ne suke jure R-134a da mansa, da sabon ɗan bawul, da murafe, da sabuwar diraya. Dirayar na so in yi ƙwauron ta, Kawu ya ce a'a, garin da ke cikinta mai tsotse damshi yana ƙoshi, wadda ta yi shekaru a layin da yake yoyo ta gama aikinta, kuma sabuwar ma kada in cire mata toshiyarta sai lokacin da za a ɗaura, ita ce ta ƙarshe. Tsohon zoben da muka ciro ya bushe ya baje ya zama kamar an yanko shi daga tsohon takalmi, ina lanƙwasa shi ya tsage. Ya shafa wa sabon ɗan man AC kafin ya zaunar da shi, ya ɗaure da sifana biyu, ɗaya riƙe ɗaya juyi, don bututun alminiyam ne, ka matsa masa ya murɗe. Mai kuwa tunda ba mu san abin da na baya ya sa ba, esta ya zaɓa, don shi yana zama lafiya da ragowar tsohon man, ya auna kamar mililita 30 a sirinji ya zuba a madadin wanda ya tafi da tsohuwar dirayar. Ya ce shi ma man in ya yi yawa rage sanyi yake.

Daga nan sai bakiyum, wato zuƙe iska da damshi daga cikin layin, matakin da masu bidiyon gwangwani ba sa ko ambatonsa. Duk layin da aka buɗe iska ta shiga, iska kuma da damshi take tafe, iskar ba ta komawa ruwa sai dai ta tare wuri ta ɗaga firesha, damshin kuma ya je ɗan ramin nan ya daskare ya toshe shi, sanyi ya ɗauke, in ƙanƙarar ta narke ya dawo, kai ta yi da kai kamar mai aljanu, a hankali kuma ya zama asid ya ci layin ta ciki. Ya haɗa ɗan famfonsa a tiyon tsakiya mai ruwan ɗorawa, ya buɗe shuɗi da ja duka, allura ta gangara ƙasa da sifili ta kwanta kusa da 30 a ɓangaren bakiyum, muka bar shi yana gurnani minti 45. Ya rufe bawul biyun ya kashe famfo ya ce yanzu mu zuba ido. Minti goma allura ta fara dawowa sama a hankali, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ibafareta ce. Shi ko a jikinsa, ya bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da hannu, ashe ni ne ban ɗaure na shuɗin da kyau ba a jikin gejin. Aka sake. Wannan karon rabin awa allurar ba ta ko girgiza ba.

Ɗurawar ita ce inda na ga bambancin mai sani da mai kwaikwayo. Ya aike ni in aro ɗan sikelin kicin na uwargida, mai nuna giram, ta ba ni tana tambayar ko motar ma yanzu awo za a dinga yi mata. Ya ce 740 za mu sa, gwangwani biyu cikakku 680 ke nan, sai giram 60 daga na uku. Ya sa ni na sa tabarau da safar hannu. Ya ɗaura gwangwani a tiyon tsakiya, ya ɗan sassauta bakin tiyon ta wajen geji na daƙiƙa ɗaya ya yi fis don gas ya kore iskar da ke cikin tiyon, ni ranar da na yi nawa ko tunanin wannan ban yi ba, iskar tiyo duk na tura ta ciki. Mota a kashe ya buɗe shuɗi, bakiyum ɗin ya zuƙi kusan rabin gwangwanin da kansa. Sannan aka tada inji, AC a ƙure, gilasai a sauke, ya ce in taka totur in riƙe a 1,500, kulocin kwamfuresa ya kama ƙas, wannan karon ya zauna bai saki ba.

Abu ɗaya ya maimaita mini har sau uku: in inji yana aiki kada hannuna ya kuskura ya taɓa jan bawul. Ɓangaren sama firesharsa tana iya fin abin da gwangwani zai iya ɗauka, ka buɗe ta dawo cikin gwangwanin ya fashe a hannunka. Gwangwanin kuma a tsaye yake riƙe shi yana ɗan karkata shi yana dawowa, bai kifa shi ba, don kada ruwa zalla ya tafi wa kwamfuresa. Da ya yi sanyi ya daina tafiya sai ya tsoma gindinsa a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, ba tafasasshe ba, wuta kuwa ko kusa. Na ukun a kan sikeli ya ɗora shi, ya danna sifili, yana buɗewa kaɗan yana rufewa yana kallon lamba, da ta kai 60 ya rufe ya ce an gama. Na ce Kawu ga saura da yawa a ciki, a ɗan ƙara mana ko kaɗan. Bai ma amsa mini ba.

Ranar ana digiri 33, shuɗi ya zauna wajen 40, ja wajen 230, bututu mai kauri ya yi sanyi yana zufa har zuwa kwamfuresa, ruwa ya fara ɗiga a ƙarƙashin mota ta wajen ƙafar fasinja, wanda da na ɗauka matsala ce ashe alamar lafiya ce. Muka ɗaga gilasai, ma'aunin zafin da na soka a ramin tsakiya ya yi ta sauka har ya tsaya a 8. A goslo yana hawa 11 ko 12, kuma Kawu ya ce kada in sa rai da fiye da haka, kwandansar tsohon yayi ce da aka yi wa R-12, shi R-134a ya fi shi ɗaga firesha, in ina son na tsaye ya yi daidai da na gudu sai in canza ta da irin ta zamani mai siraran layuka da yawa. Akwai ɗan gilashin leƙe a kan layin da masu R-12 suke duba kumfa a ciki, ya ce in manta da shi, a motar da aka juya ko gas ya yi daidai kana iya ganin kumfa, masu bin sa har ya washe su ne suke cikawa ya wuce.

Ba wai ina cewa gwangwani haramun ba ne fa. In motarka da R-134a ta fito, sanyin a cikin shekara uku ko huɗu ya ɗan ja baya, fanka tana juyawa, kwandansa a wanke, kuloci yana kamawa yana saki da sauri-sauri, to ka ɗan ƙara kaɗan kana tsayawa kana duba ma'aunin zafi a ramin iska, ba laifi, tsohuwar mota dama tana ɗan zubarwa ta roba da sil. Amma in ka ɗura wata ɗaya ya gudu, ko ka maƙala geji ka ga sifili, to gwangwani ba zai yi maka komai ba sai cin kuɗi. Kuma ka karanta jikin abin da kake saya. Masu cewa suna toshe yoyo da kansu ni dai na bar su, abin da yake daskarewa in ya haɗu da damshi ba ya tambaya ko ramin yoyo ne ko ramin bawul, masu injin zuƙe gas ma ba sa son ganin motar da aka sa wa. R-22 na AC ɗin ɗaki firesharsa ta fi ƙarfin layin mota, R-600a na firij kuwa kama wuta yake, duk ba na nan ba ne ko da wani ya rantse maka ya fi sanyi. Jabu ma akwai shi, a 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun yi ta fashewa a Biyetnam da Burazil har ma'aikata uku suka mutu, aka gano an gauraya R-134a ɗin da wani R-40 mai cin alminiyam, kuma kwamfuresar motarka da bututunta alminiyam ne.

Kafin ya tafi ya sa na yanko farin tef na rubuta da maka, R-134a, giram 740, man esta, da kwanan wata, na manna kusa da tsohuwar sitikar. Ya kuma ce ko lokacin sanyi ne in dinga kunna AC ɗin kamar minti goma duk sati don mai ya zagaya ya jiƙa sil ɗin gaban kwamfuresa, zaman banza ne yake busar da shi.

Wata huɗu ke nan yanzu, har yau 8 yake nunawa in na soka ma'aunin, uwargida ma har cewa take a rage fanka. Sai dai shekaranjiya da na buɗe bonet zan duba baƙin mai na hango wani ɗan layin maiƙo siriri a cikin murfin bonet daidai saitin fulin kwamfuresa, kamar an yarfa shi da buroshi. Na ɗauki hoto na tura wa Kawu, ya kira ni ya ce sil ɗin gaba ne ya fara gajiya, in goge wurin tas in sake dubawa bayan sati biyu mu ga saurin dawowarsa, sannan ya ce, "Ragowar gwangwanin nan yana ina?" Na ce yana kan kanta a inuwa, giram 280 ne a ciki. Ya ce in kawo masa shi gida ya ajiye mini.